Yadda Na Kashe Misis Tomas da Turanci

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na sanar da rasuwar shugabar makarantarmu a lasifika ba, alhali matar tana zaune a gefena da ranta da lafiyarta, tana fifita da takardar tsarin taro. Ƙawayena na wancan zamanin har yau in muka haɗu a gidan biki sai wata ta tayar da zancen, kowace kuma da irin gishirin da take ƙara masa, don haka gara ku ji daga bakina. Kunya dai na sha ta, ba na musu. Amma tun yanzu in gaya muku, ban taɓa yarda cewa laifin duka nawa ba ne.

A ƙarshen shekarun tamanin ne, zamanin soja, ina aji huɗu a wata sakandaren 'yan mata ta jeka-ka-dawo a wajen Malali, cikin garin Kaduna. Gidanmu a Abakpa yake, Baba tela ne, shagonsa a jikin zauren gidan. Malaminmu na Turanci, Malam Bulus, mutumin kudancin Kaduna ne, amma Hausarsa ta fi ta wasunmu tsabta. Yana da wani wasa da yake mana a ƙarshen darasi. Sai ya rubuta kalmar Hausa ɗaya a allo, a ce "babba" ko "tsoro", ya bi layi, kowace ta kawo kalmar Turancin da ta yi daidai da ita, ba a maimaita wadda wata ta riga ta faɗa. Wadda ta rasa ta miƙe tsaye har a tashi. Daga nan ya ba mu ɗan guntun labari da Hausa mu juya shi zuwa Turanci a gida, mu sassaka kalmomin da muka tara.

Ni a layin ƙarshe nake zama, kafin a iso kaina an cinye duk kalmomin arziki. Na sha tsayuwa har ƙafafuna suka saba. A layin gaba kuwa akwai Binta, 'yar wani darakta a ma'aikata, wadda a gidansu ko faɗa za a yi da Turanci ake yi. Mu a namu gidan Turancin bai wuce tef da zif da siket ba. Binta ba ta taɓa yi min komai ba (yanzu ma ita ce ta fi kowa kirana a waya), amma a lokacin ko tari ta yi sai in ji kamar da ni take.

Ana haka Yaya Sani, wanmu mai buga tafireta a wani ofishin gwamnati, ya shigo min da wani littafi da ya tsinta a wajen masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a bakin titi. Ba shi da bango, shafukan farko ma sun ɓace. Cikinsa ba labari ba hoto, kalmomi ne zalla: a kawo kalma ɗaya, a jero mata 'yan uwanta a layi kamar an fito ɗaukar hoton Sallah. Ba a faɗi ma'anar ko ɗaya ba. Ni kuwa na ga ai ba sai an faɗa ba, tunda an haɗa su layi ɗaya.

Na kama littafin nan kamar na samu gado. Ina shago ina ɗora wa Baba maɓallai, ina juya hirar masu kawo ɗinki zuwa Turanci a zuci. Sanarwar rediyo ma ban ƙyale ta ba. In Umma ta ce in miƙo mata ludayi, sai na fara jero mata sunayensa kafin in miƙa, har ta ce in na gama wa'azin in taimaka, miyarta na kamawa. Na kuma kafa wa kaina doka: a kowane layi, kalmar da ban taɓa ji a bakin Binta ba ita zan ɗauka. Kafin zangon ya ƙare na daina tsayuwa a aji, 'yan aji suka laƙaba min Ƙamus, ni kuma ina amsawa da fara'a.

Don Allah kada a ce ba a gargaɗe ni ba, an yi. Wata rana a aikin gida aka ba mu jimlar "Kakata tsohuwa ce", na rubuta cewa kakata obsolete ce. Malam Bulus ya kira ni gaban teburinsa yana danne dariya, ya ce wannan kalmar ta kayan da aka daina yayinsu ce, irin keken ɗinkin da aka jefar a bayan shago, ba a faɗa wa mutum. Na ce masa ai a littafina layinsu ɗaya da tsufa. Ya ce in riƙa zuwa laburare ina duba ma'anar kowace kalma a ƙamus na gaske kafin in yi amfani da ita. Na ce to. Ban je ba. (Laburaren ma rabin lokaci a kulle yake, wannan kowa shaida ne.) A raina kuwa cewa na yi Malam ya fara jin zafin ana neman a wuce shi.

Sai ga labari cewa Misis Tomas, shugabar makarantar, za ta ajiye aiki ta koma ƙasarsu. Ba'indiya ce, gajeruwa, mai furfura a gaban goshi, ta daɗe a makarantar har yayyena mata duk ta hannunta suka bi. A gidanmu ba a ambaton sunanta sai an haɗa da addu'a. Dalili kuwa, shekarun baya Yaya Hauwa ta taɓa yanke jiki ta faɗi a taron safe tana riƙe da ciki. Misis Tomas ba ta tsaya aike ba, ta kinkime ta ta sa a tsohuwar motarta Bitil ta kai asibiti, ta tsaya a kan likitoci har aka shiga da ita tiyata, ba ta tafi ba sai da Baba ya iso. Afendis ne, ɗan tsiron hanjin nan da kan kumbura, likita ya ce da an ƙara jinkiri da ya fashe. Tun daga nan duk Babbar Sallah cinyar ragonmu gidanta take zuwa.

Da aka shirya taron bankwana, ƙungiyar iyaye ta ce Baba ne zai yi magana a madadinsu. Baba ba ya jin Turanci, ga baƙi daga ma'aikatar ilimi, ga malamai 'yan kudu, ga ita kanta mai tafiyar, don haka dole a samu tafinta. Malam Bulus ya zaɓi Binta.

Ranar ko abincin rana ban ci ba. Na samu Baba a shago na ce masa ta yaya 'yar wani za ta zama bakinsa a gaban jama'a ina raye, bayan duk makarantar an san ni ce Ƙamus? Ya daina taka keke ya dube ni ta saman tabarau. Sunan mahaifiyarsa gare ni, Mamana yake ce min, kuma da wuya in roƙi abu ya hana. Washegari da kansa ya je makaranta ya ce 'yarsa ce za ta yi masa tafinta. Malam Bulus ya roƙe shi ko zai faɗi jawabin tun yanzu a rubuta, mu zauna mu fassara tare. Baba ya ce shi ba zai iya tsara godiya a takarda ba, abin da ya zo masa a zuciya ranar shi zai faɗa.

Asabar da hantsi aka yi taron a filin makaranta. An kafa rumfuna, manyan baƙi a babban tebur da lemon kwalba a gabansu, iyaye maza gefe ɗaya, mata gefe ɗaya, ɗalibai a bencina a rana. Baba ya sa sabuwar babbar riga shuɗiya da ya ɗinka wa kansa takanas don ranar. Makirufo ɗaya ne, in ya yi magana ya miƙo min, in na gama in mayar masa.

Gaishe-gaishe suka wuce lami lafiya, har na ji kaina ya ƙara girma. Sai Baba ya shiga yabo. Ya ce wannan baiwar Allah shahararriya ce, duk Kaduna an san ta. Layin kalmomin shahara ya bayyana a idona tar, na tsallake na gama-gari na ɗauko notorious. Na ji ɗan motsi a babban tebur. Sufeton da ya zo daga ma'aikata ya cire tabarau ya dube ni da kyau. Na ce a raina, haka ne, Yallaɓai, 'yar tela ce daga Abakpa.

Baba ya ce mace ce mai hikima da dabara, na ce cunning. Ya ce tsayayyiya ce, in ta sa abu a gaba ba ta ja da baya, na ce obstinate. Ya ce duk da girman muƙaminta ga ta da sauƙin kai, na ce simple-minded, har da ɗan jinkirtawa tsakanin gaɓoɓin don kowa ya ji daɗinta. Malamar lissafi ta cusa hankici a baki. Binta ta ja ɗankwali ta rufe fuska (na ɗauka baƙin ciki ne ya hana ta kallona). Can gefen rumfa Malam Bulus yana ta yi min alama da hannu, yana yanka iska a saitin wuyansa. Na fahimci cewa murya ce ba ta fita, na ƙara ɗagawa.

Daga nan Baba ya zo kan labarin Yaya Hauwa, muryarsa ta fara rawa. Ban taɓa ganinsa haka ba. Ya ce ranar da 'yarsa ta faɗi, matar nan ba ta tambayi ƙabila ko addini ba, ta ɗauki yarinyar a motarta ta tafi da ita. Ya miƙo min makirufo yana share ido da hannun riga. Ni ma abin ya taɓa ni, na ga wurin ya cancanci kalma mai nauyi, ba ɗaukar da ake wa buhun gero ba. Na ce ta yi abducting ɗin 'yarsa a mota.

A nan dariyar da ake ta dannewa ta ɓalle. Babban tebur, layin malamai, manyan ɗalibai, duk suka ɗauka. Wannan wurin ne har yau ba na son tunawa: Baba yana tsaye da hawaye a fuska, mutane suna dariya. Ya duba gaban rigarsa, ya taɓa hularsa, ya waiwaya baya ko wani abu ne ya faru. Iyayen da ba sa jin Turanci suka kama kallon juna. Ya karɓi makirufo ya gajarta, ya ce yanzu za ta tafi ta bar mu, Allah ya kai ta gida, ya sa ta huta lafiya.

Wannan kam ban ma buƙaci littafina ba. Na sha ganin wata jimla a jaridun da Yaya Sani yake kawowa daga ofis, a ƙarƙashin hotunan manyan mutane masu kwat da masu rawani, shafi guda cur. Na daɗe da yanke hukuncin cewa ta waɗanda suka yi ritaya ce. Na gyara tsayuwa, na ɗaga hannu ɗaya sama, na ce, "May our departed principal rest in peace."

'Yan aji biyar, Allah ya shirye su, suka haɗa baki suka ce amin. Iyaye da suka ji ana amin su ma suka shafa.

Baba ya juyo gare ni. Ya manta makirufo na hannunsa, don haka duk filin aka ji.

"Mamana, me kika ce musu na ce?"

"Abin da ka faɗa, Baba."

Bai yarda ba. Ya yafito Malam Bulus, ya ce don girman Allah ya gaya masa gaskiya, kada ya rage komai. Malam ya yi ta 'yan kame-kame, Baba ya nace. Sai ya sunkuyo zai raɗa masa, bai lura ba bakinsa saitin makirufon yake.

"Alhaji, cewa ta yi ka ce shugaba ta yi ƙaurin suna a Kaduna. Makira ce, mai taurin kai, kuma doluwa. Ta taɓa sace maka 'ya a mota. Sannan ta rasu, Allah ya ji ƙanta."

Rumfar mata ta ɗauki salati. Wata tsohuwa da kunnenta bai kama komai ba sai ƙarshen zancen ta fara tambayar yaushe aka yi rasuwar, ana nuna mata mamaciyar a zaune tana goge ido.

Mai hankali a nan zai sunkuyar da kai ya sauka. Ni karɓe makirufon na yi daga hannun Baba, na ce duk kalmar da na faɗa tana cikin littafi, layi ɗaya da wadda ake nufi, wanda yake musu ya jira in je gida in ɗauko. Sufeto ya tambaya daga inda yake zaune, cikin ladabi har da murmushi, mene ne sunan littafin. Na buɗe baki, sai a lokacin na tuna ban taɓa sanin sunansa ba. Na ce ba shi da bango.

Ban san yadda aka ƙare taron ba. Baba ya kama wuyan hannuna muka ratsa ta tsakiyar bencina muka fita, ana ta dare mana hanya.

A gida bai dake ni ba, bai ma yi faɗa ba, da ya yi da ya fi min sauƙi. Ya cire babbar rigar ya ninke, ya zauna a gaban keke bai taka ba. Da Umma ta kai masa abinci na ji yana ce mata matar da ta ceci ran Hauwa yau ya zage ta a gaban hukuma da bakin 'yarsa, ga shi za ta bar ƙasar da wannan a ranta. Umma ta fito tana neman littafin za ta hura wuta da shi. Na riga na tura shi ƙarƙashin katifa na zauna a kai.

Washegari bayan la'asar ya ce in ɗauko mayafina, za mu gidan Misis Tomas ba da haƙuri. Umma ta ce da wannan yarinyar zai sake zuwa? Ya ce to wa zai fassara, Sani ya tafi Zariya. A cikin tasi, da muka kusa sauka, ya ce min, "Turancin 'yan aji ɗaya za ki yi min. Kalmar da kika ji ta yi miki daɗi a baki, ki haɗiye ta."

Mun same ta a falo cikin kwalaye da akwatuna, ta ɗaure gashi tana naɗe kofuna da jarida. Baba ya ƙi zama a kujera, ya durƙusa a bakin ƙofa ya fara bayani mai tsawo. Ni kuma ina bin sa da 'yan ƙananan kalmomi kamar mai koyon tafiya, ina jin kowace tana ƙona min harshe. Ban yi nisa ba ta ɗaga min hannu. Ta dubi Baba ta ce da Hausa, irin ta masu cefane a kasuwa:

"Alhaji, tashi zauna. Ba komai. Ni bai mutu ba tukuna."

Baba ya saki baki. Ashe shekarun da ta yi tana ciniki da masu tumatir da masu nama ba a banza suka tafi ba, a makaranta ne kawai ba ta yi, don kada mu samu ƙofar yin Hausa a aji. Ta ce duk abin da ya faɗa jiya ta ji shi daga bakinsa tun kafin in lalata, kuma maganar Hauwa ta sa ta kuka. Sauran hawayen kuwa, ta nuna ni, na wannan ne, don shugaba ba ta da damar yin dariya a taron mutuwarta. Na ga kafaɗun Baba sun sauko. Ya zauna a kujerar, har ya karɓi shayi.

Sannan ta juyo kaina da Turanci. Ta ce a duk sunayen da na kira ta ɗaya ta karɓa, na taurin kai, don mutanen ma'aikata sun daɗe suna faɗa a bayan idonta, ba wanda ya taɓa samun ƙarfin halin faɗa a lasifika. Ta tambaye ni ko na gane kuskurena. Na ce na gane, amma shi ma wanda ya rubuta littafin ya kamata ya yi bayani, ba ya jera kalmar yabo da ta zagi a layi ɗaya ya tafi abinsa ba. (Baba ya tambaye ni me na ce, na ce haƙuri na ƙara ba ta.) Ta ce watakila ya yi bayanin a shafukan da suka ɓace. Ta jawo wani ƙaton ƙamus daga cikin kwali ta ɗora min a cinya. Na so in ce burge ta na yi, amma da bakinta ta ce nauyi ya yi mata, ba za a bar ta ta hau jirgi da shi ba.

Ranar Litinin Umma ta ce ko zan huta a gida kwana biyu har ƙurar ta lafa. Na ce ba inda zan ɓuya. Na shiga makaranta kaina a sama. An riga an sauya min suna daga Ƙamus zuwa Mai Ta'aziyya, duk inda na gifta sai in ji ana amin ƙasa-ƙasa. Da Malam Bulus ya rubuta kalma a allo, hannuna ne ya fara tashi. Aji ya kwashe da dariya, ban sauke ba. Ya dube ni, ya tambaya ko na duba ma'anarta. Na ce na duba. Ya ce to bismilla.

Abin da na koya bai da yawa. Kalmomi biyu za su iya kwana a layi ɗaya, ɗaya ta sa a yi maka godiya, ɗaya ta sa a kai ka kotu, don haka yanzu ba na sakin kalma sai na san halinta. Na kuma koyi cewa in kana tsakiyar jawabin godiya ka ga manya suna cusa hankici a baki, ba burge su ka yi ba. Amma masu ba da labarina a gidan biki su riƙa haɗawa da cewa a duk waɗanda suke filin nan ranar, ni kaɗai ce na je na roƙi a ba ni makirufon, kuma ko gobe aka nemi tafinta a taro ni zan fara miƙewa.

Baba ne dai har ya koma ga Allah bai sake yarda ba. Ko a asibiti, shekaru da yawa bayan haka, ina tsaye a kansa da digirina na Turanci, in likita ya yi masa bayani na buɗe baki zan fassara, sai ya dafa hannuna ya ce, "Bari, Mamana. Kira min nas."